Korar koci bayan wasa biyar: Me ke jawo hakan a ƙwallon kwando?

A Najeriya, an fi tunawa da Mike Brown a matsayin kocin da ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙasar, wato D'Tigers, ta doke Amurka da maki 90 da 87 a birnin Las Vegas ranar 10 ga watan Yulin 2021.

Duk da cewa wasan na share fagen gasar Olympics ta Tokyo ne, shi ne karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi galaba a kan 'yan wasan Amurka maza. Shekara tara kafin nan, a gasar Olympics ta Landan, Amurka ta lallasa Najeriya da maki 156 da 73.

To amma a can Amurka, akwai wani abin dabam da ake tunawa idan an ambaci sunan Mista Brown. A ranar Juma'a 9 ga watan Nuwamban 2012, ƙungiyar Los Angeles Lakers ta sallame shi daga aiki bayan wasa biyar kacal, cikin wasanni 82 da kowace ƙungiya ke yi a kaka guda ta gasar NBA.

In da a gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ne, inda aka saba yin wasa 38 a kaka, daidai yake da a kori koci bayan wasa biyu.

Abin tambaya shi ne, me wasa biyar za su nuna wa masu ƙungiya wanda ba su sani ba tun farko? Kuma me ya sa kullum kocin ne ke fara tafiya?

Yadda abin ya faru

Lakers ta ɗauki Mike Brown ne a watan Mayun 2011, domin ya gaji Phil Jackson, mutumin da ya ci wa ƙungiyar kofin NBA har sau biyar. Gadon irin wannan mutum ba ƙaramin nauyi ba ne. A kakarsa ta farko, wadda aka taƙaita saboda taƙaddamar albashi tsakanin 'yan wasa da masu ƙungiyoyi, Lakers ta ci wasa 41 ta sha kashi a 25, kana Oklahoma City ta fitar da ita a zagaye na biyu na wasannin fitar da zakara.

Daga nan shugabannin ƙungiyar suka buɗe bakin aljihu. A watan Yulin 2012 suka kawo Steve Nash, wanda sau biyu ana zaɓensa gwarzon ɗan wasan NBA. A watan Agusta suka ƙara da Dwight Howard, wanda a lokacin ake ɗauka babu kamarsa wajen tsaron kwando. Ga kuma Kobe Bryant da Pau Gasol da ke ƙungiyar tun da. Albashin 'yan wasan ya kai kimanin dala miliyan 100 a shekara, kuma babu ƙungiyar da ta kai ta kashe kuɗi a gasar.

Wanda ya kashe irin wannan dukiya ba ya son jin kalmar haƙuri.

Sai dai kuma tun a wasannin gwaji aka fara ganin alamun matsala, domin wasa takwas Lakers ta yi, ba ta ci ko ɗaya ba. Da aka shiga gasar sosai, Dallas ta doke ta, Portland ta doke ta, haka ma maƙwabciyarta Clippers. Ta samu sa'ar Detroit, sannan ranar 7 ga watan Nuwamba ta sake shan kashi a hannun Utah. A wannan wasa ne kyamarorin talabijin suka ɗauko Kobe Bryant yana zaune a benci ya murtuke fuska, 'yan jarida kuma suka fassara kallon da cewa harara ce yake yi wa kocinsa.

Kwana biyu bayan haka, babban manajan ƙungiyar, Mitch Kupchak, ya ba da sanarwar sallamar. Dalilin da ya bayar shi ne ƙungiyar ba ta cin wasa yadda aka yi tsammani, kuma ba su ga alamar gyara ba.

Abin da sanarwar ba ta zurfafa a kai ba shi ne halin da 'yan wasan suke ciki. Nash, mai shekara 38 a lokacin, ya samu tsagewar ƙashi a ƙafarsa ta hagu tun a wasa na biyu. Howard bai gama murmurewa daga tiyatar da aka yi masa a baya cikin watan Afrilu ba. Ke nan ƙungiyar da aka tara domin cin kofi ba ta yi ko wasa biyu cikakku tare ba kafin a yanke wa kocinta hukunci.

Wanda ake iya taɓawa

Domin fahimtar abin da ya sa koci ke zama abin layya, sai an duba yadda aka tsara gasar NBA, domin ta sha bamban da gasannin ƙwallon ƙafa da aka saba da su.

Yawancin kwantiragin 'yan wasa a NBA tabbatacce ne. Ko da ƙungiya ta sallami ɗan wasa, tilas ta biya shi kuɗinsa, kuma kuɗin zai ci gaba da shiga lissafin albashinta. Shi kuwa wannan lissafi yana da iyaka. A kakar 2012 zuwa 2013, an tsayar da iyakar albashin kowace ƙungiya a kan kimanin dala miliyan 58, kuma duk wadda ta haura dala miliyan 70 sai ta biya tara. Lakers ta riga ta yi wa wannan iyaka fintinkau, don haka ba ta da sararin sayen wani babban ɗan wasa.

Ba a kuma sayar da ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda ake yi a Turai. Musaya ake yi, kuma ga ƙungiyar da ta wuce iyaka, dole albashin wanda aka bayar ya yi kusan daidai da na wanda aka karɓa. Bugu da ƙari, mafi yawan 'yan wasan da suka sanya hannu a sabon kwantiragi lokacin hutu ba a iya musayarsu sai daga 15 ga watan Disamba. Shi Kobe Bryant ma akwai sharaɗi a kwantiraginsa cewa ba za a kai shi wata ƙungiya ba sai da yardarsa.

Albashin koci kuwa ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Mai ƙungiya na iya korarsa yau, ya ci gaba da biyansa sauran kuɗinsa, ya ɗauko wani gobe, ba tare da ya karya wata doka ba. An ruwaito cewa kwantiragin Mista Brown na shekara huɗu ya kai kimanin dala miliyan 18, wato kusan miliyan huɗu da rabi a shekara. Kobe Bryant shi kaɗai ya karɓi sama da dala miliyan 27 a wannan kakar.

A watan Nuwamba ke nan, lokacin da magoya baya ke kuka, jaridu na suka, mutum ɗaya ne kawai shugabanni ke iya taɓawa. Shi ne Bahaushe ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Akwai kuma batun ƙarfin manyan 'yan wasa. A ƙwallon ƙafa mutum 11 ke shiga fili, tasirin kowa na da iyaka. A ƙwallon kwando mutum biyar ne, kuma gwani ɗaya na iya sauya makomar ƙungiya baki ɗaya. Saboda haka idan aka samu saɓani tsakanin koci da gwanin ƙungiya, ba a cika daɗewa ana tunanin wanda za a zaɓa ba.

Sannan shi kansa babban manaja yana da tasa kujerar da yake karewa. Idan ya ce 'yan wasan ne ba su dace da juna ba, ya tona wa kansa asiri, domin shi ya tattaro su. Idan kuwa ya ce kocin ne ya kasa, ya samu 'yan watannin da zai numfasa.

Laifin koci

Duk da haka, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mista Brown ya yi suna ne wajen koyar da tsaron gida, kuma tun yana Cleveland ake sukarsa kan rashin dabarun kai hari. A 2012 sai ya ɗauko wani tsarin wasa da ake kira Princeton, wanda ya samo suna daga jami'ar da aka ƙware a kansa. Tsarin ya ginu ne a kan yawan miƙa ƙwallo da zirga-zirgar dukan 'yan wasa biyar, ba tare da mutum ɗaya ya riƙe ragamar wasan ba.

Matsalar ita ce, Steve Nash ya yi suna ne ta hanyar riƙe ƙwallo da rarraba ta yadda ya ga dama. An kawo gwanin rabo, an kuma kafa tsarin da ya karɓe ƙwallon daga hannunsa. Tsarin yana kuma buƙatar watanni kafin 'yan wasa su laƙance shi, alhali manyan 'yan wasan shekarunsu sun ja: Bryant na da 34, Gasol na da 32.

To amma shugabannin ƙungiyar sun san da wannan tsari tun lokacin hutu, har an ɗauko mataimakin koci, Eddie Jordan, musamman domin koyar da shi. In har tsarin kuskure ne, ai tun a watan Agusta kuskure ne, lokacin da ake da damar kawo sabon koci ya yi atisaye da 'yan wasa kafin a fara gasa. Wannan ne babban abin da ake sukar korar farkon kaka da shi: takan nuna cewa dama can masu ƙungiya ba su gamsu da kocin ba, sun dai rasa ƙarfin halin yanke shawara a kan kari.

Ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Da farko abin ya yi kamar ya yi amfani. Mataimakin da ya riƙe ƙungiyar na wucin gadi, Bernie Bickerstaff, ya ci wasa huɗu cikin biyar. A filin wasa magoya baya suka riƙa kiran sunan Phil Jackson, shugabannin ƙungiyar kuma suka gana da shi, har kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Kwatsam sai aka ji an ba Mike D'Antoni, tsohon kocin Nash a Phoenix, wanda salonsa na gudu da sauri ne, ga ƙungiya cike da masu shekaru da masu jinya.

Zuwa ƙarshen watan Janairun 2013, akwai lokacin da Lakers ke da nasara 17 da rashin nasara 25. Ta farfaɗo daga baya, ta kammala da nasara 45, ta shiga wasannin fitar da zakara da ƙyar. Amma an biya farashi mai tsada. Kobe Bryant, wanda ya riƙa yin wasa kusan ba hutu domin ceto kakar, ya tsinke jijiyar agararsa ranar 12 ga watan Afrilu. San Antonio ta doke Lakers sau huɗu a jere a zagayen farko. A watan Yuli Howard ya tattara nasa ya nasa ya koma Houston, ita kuwa Lakers sai da ta yi kaka shida a jere ba ta sake shiga wasannin fitar da zakara ba.

Ba Lakers kaɗai ta ga haka ba. Phoenix ta kori Earl Watson a watan Oktoban 2017 bayan wasa uku, ta kuma kammala kakar da nasara 21 kacal, a ƙarshen teburi. Cleveland ta kori Tyronn Lue a watan Oktoban 2018 bayan ta sha kashi sau shida a jere, alhali shi ne ya ci mata kofinta na farko a 2016. Abin da ya canza a ƙungiyar shi ne tafiyar LeBron James, kuma sabon koci bai dawo da shi ba: nasara 19 suka samu a kakar. Shi kansa Steve Nash, da ya zama kocin Brooklyn, wasa bakwai ya yi a kakar 2022 aka raba gari da shi.

Sau da yawa ƙungiya kan ɗan farfaɗo bayan an canza koci, kuma a kan wannan masu goyon bayan kora ke kafa hujja. Sai dai ya kamata a lura da cewa ba a korar koci sai ƙungiya ta kai maƙurar lalacewa, ƙungiyar da ke da gwanaye kuwa da wuya ta dawwama a wannan hali ko da ba a taɓa kowa ba. Masu jinya kan warke, jadawalin wasanni kan yi sauƙi, sai a jingina nasarar ga sabon zuwa.

Amma akwai inda abin ya yi amfani, kuma a gidan Lakers ɗin ne. A watan Nuwamban 1981, mai ƙungiyar, Jerry Buss, ya kori Paul Westhead bayan wasa 11, kwana guda bayan Magic Johnson ya fito fili ya ce yana son barin ƙungiyar. Mataimakinsa, Pat Riley, ya karɓi aikin ya ci kofi a wannan kakar, ya kuma ƙara wasu uku kafin ƙarshen shekarun 1980. Mista Buss ne dai mai ƙungiyar a 2012. Bambancin shi ne, a 1981 'yan wasan matasa ne masu lafiya, an ci kofi da su a 1980, kuma magajin yana cikin gida ya san kowa. Inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha.

Yadda ɗan Zariya ya yi

Wanda ya bi wata hanya dabam shi ne Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi, kuma a can ya koyi wasan, a garin da filin ƙwallon kwando na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana jawo matasa, inda wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru yana horar da su. Ga matashin Kudan ko Makarfi ko Ikara mai sha'awar wannan wasa, Zariyar ce cibiya mafi kusa.

A 2013 ne ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada ta ɗauki Mista Ujiri a matsayin babban manaja. Ya tarar da koci, Dwane Casey, wanda ba shi ya ɗauke shi ba, kuma bisa al'ada sabon shugaba kan zo da mutuminsa. A farkon Disamban shekarar, ƙungiyar ta ci wasa shida ta sha kashi a 12. Duk dalilan korar koci sun cika.

Mista Ujiri bai taɓa kocin ba. A maimakon haka ya yi musayar ɗan wasan da ya fi kowa albashi a ƙungiyar, Rudy Gay, ya karɓo 'yan wasa huɗu daga Sacramento waɗanda ba su kai shi suna ba. Toronto ta kammala kakar da nasara 48.

Wannan ba yana nufin Mista Ujiri mai tausayin kociyoyi ba ne. A watan Mayun 2018 ya sallami Mista Casey bayan kakar da ƙungiyar ta ci wasa 59, mafi yawa a tarihinta, saboda Cleveland ta sake fitar da ita ba tare da ta ci ko wasa ɗaya ba. Bayan wata guda aka ba Casey lambar gwarzon kocin shekara, alhali an riga an kore shi. Amma an yi korar ce a ƙarshen kaka, bayan shekara biyar ana nazari, kuma ba a tsaya kan koci kaɗai ba: a watan Yuli ya ba da DeMar DeRozan, ɗan lelen magoya baya, ya karɓo Kawhi Leonard. A 2019 Toronto ta ci kofin NBA a ƙarƙashin sabon koci Nick Nurse, bayan ta doke Golden State, inda Mike Brown ke mataimakin koci.

A gida Najeriya

Masu bin ƙwallon ƙafa a Najeriya sun saba jin an ba koci wa'adin wasa uku, ko ya gyara ko ya kama gabansa. A can akwai tsoron faɗawa rukuni na ƙasa, abin da babu shi a NBA, inda ƙungiyar da ta fi shan kashi ma ke samun fifiko wajen zaɓen sababbin 'yan wasa.

A ƙwallon kwandon Najeriya kuwa, akasarin ƙungiyoyin, irin su Kano Pillars da Gombe Bulls da Rivers Hoopers, na gwamnatocin jihohi ne ko na hukumomi, don haka makomar koci ta fi rataya a kan kasafin kuɗi da sauyin shugabanni. Rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa da ya ɓarke a 2017, lokacin da ɓangarori biyu suka yi zaɓe dabam-dabam a Kano da Abuja, ya dagula gasar cikin gida na tsawon shekaru. A watan Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya. Kafin ta soke matakin bayan 'yan makonni, ƙungiyar mata ta D'Tigress ta riga ta rasa gurbinta a gasar cin kofin duniya.

Shi kuwa Mike Brown, wanda ya karɓi D'Tigers a watan Fabrairun 2020, bai samu nasara a Tokyo ba, domin Ostireliya da Jamus da Italiya duk sun doke Najeriya. A watan Mayun 2022 Sacramento Kings ta ɗauke shi, kuma a kakarsa ta farko ya kai ta wasannin fitar da zakara bayan shekara 16 rabonta da zuwa. Dukan masu kaɗa ƙuri'a suka zaɓe shi gwarzon kocin 2023, karo na biyu ke nan bayan na 2009.

A tsakiyar 2024 ƙungiyar ta sabunta masa kwantiragi. Ranar 27 ga watan Disamban shekarar, bayan an doke ta sau biyar a jere a gida, ta kore shi tana da nasara 13 da rashin nasara 18. Karo na huɗu ke nan da aka sallame shi a NBA, idan aka haɗa da sau biyu da Cleveland ta yi a 2010 da 2014.

Magajinsa, Doug Christie, ya ci wasa bakwai a jere jim kaɗan bayan ya karɓi aiki, amma Sacramento ta kammala kakar da nasara 40 da rashin nasara 42, ba ta kuma shiga wasannin fitar da zakara ba. A watan Yulin 2025, ƙungiyar New York Knicks ta ɗauki Mista Brown a matsayin babban kocinta.